Shin maciji yana daina girma kuwa?

Tambayar ta zo ne daga wani manomi mai lambu a bakin fadama. Ya ce ya tsinci saɓar maciji a gindin rumbunsa, ya auna ta ya samu kamu huɗu, hankalinsa ya tashi. Da ya kai maganar majalisa sai wani dattijo ya ce masa ai wannan yaro ne, maciji ba ya daina girma sai ranar da ya mutu, kuma a kurmin bayan garinsu akwai wata mesa da ta haura shekara ɗari, tsawonta gaba goma. Shi ne yake son ya sani: da gaske maciji ba ya daina girma? In an ga tsawonsa za a iya faɗin shekarunsa? Me ya sa wani ke zama ƙato, wani kuma ya tsaya ƙarami?

Malam, dattijon nan yana da gaskiyarsa, sai dai an zuba mata gishiri da yawa. Ɗan Adam in ya kai wajen shekara 20 ƙasusuwansa sun rufe, tsawo ya ƙare, sai dai ƙiba. Maciji ba shi da irin wannan ranar da za a ce yau ƙofa ta rufe. Amma girman nasa ba tafiya ɗaya yake yi ba. A shekara biyu ko uku na farko gudu yake yi, da ya balaga sai ya koma tafiya, daga nan sai jan ciki, har ya kai matsayin da za ka auna tsohuwar mesa bana, ka sake aunawa baɗi, ka rasa bambancin da ya wuce faɗin yatsa. Saboda haka tsawon maciji ba ya faɗa maka shekarunsa. Abin da yake faɗa maka shi ne wane iri ne, mace ce ko namiji, me ya samu ya ci, musamman yana ƙarami, da kuma irin ɗumin da ya rayu a ciki.

Bari mu fara da saɓar da ke hannunka, don ita ma ta ɗan yaudare ka. Fatar maciji ta waje ba ta girma tare da shi, kuma tana gogewa da jan ciki, don haka lokaci zuwa lokaci sai ya yi sabuwa a ƙarƙashinta. Kwanaki kafin ya yi saɓa za ka ga launinsa ya dushe, idonsa ya yi fari-fari kamar mai yana, domin wani ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, har da murfin idon, tunda maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar. A kwanakin nan ba ya gani sosai, yakan ƙi abinci, ga saurin fushi. Idon ya washe, bayan 'yan kwanaki sai ya goga bakinsa a jikin dutse ko kututture, fatar ta ɓare daga leɓe, ya riƙa zamewa yana fita, ita kuma tana juyewa ciki ya koma waje kamar yadda ake tuɓe safa. To a jikinsa ɓawon fatar hawa-hawa yake, kowane ya ɗan hau kan na bayansa, da 'yar fata mai laushi a naɗe a tsakani. Wajen fita duk wannan naɗin yana warwarewa, ga ta da danshi tana miƙewa. Shi ya sa saɓa kullum ta fi mai ita tsawo, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kamu huɗu wajen mita 1.8 ke nan, macijin naka kuwa bai fi mita ɗaya da rabi ba.

Haka fatar da aka feɗe. Duk wanda ya taɓa ganin majema suna aikin fatar mesa ya san ana ja ana kafa ta da ƙusa, kuma tunda da tsawo ake ciniki, babu mai ja da wasa. Yawancin labaran manyan macizai na duniya daga irin wannan fata suka fito, ko daga idon mai gudu. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma ban da a kan maciji. An taɓa kirana wani ƙauye kan wata mesa da ta haɗiye ɗan akuya ta kasa komawa raminta, wanda ya zo ɗaukata a babur yana rantsuwa ta kai gaba biyar. Muka same ta a ƙarƙashin wata ƙaya, ciki ya yi tulu. Mutum huɗu suka riƙe, na bi tsakiyar bayanta da zare tun daga hanci har ƙarshen wutsiya, domin maciji mai rai ba ya yarda ya miƙe sak, sannan na ɗora zaren a kan tef. Mita uku da 'yan kai, wato gaba biyu ma da ƙyar. Mutanen wurin ba su ji daɗina ba ko kaɗan, wani ma cewa ya yi tef ɗin ne na bature.

Kan wannan batu akwai abin da ya isa hujja. Tun farkon ƙarni na 20 ƙungiyar da ke kula da gidan namun daji na Bronx a birnin New York ta sa kyauta ga duk wanda ya kawo maciji mai rai da ya kai ƙafa 30, wato mita 9 da ɗan ɗori. Kuɗin ya yi ta hawa har ya kai dala 50,000, aka janye tayin a 2002 ba wanda ya ci. Mafi tsawon da aka auna a tsare kuma aka tabbatar ita ce wata mesar Asiya mai zanen raga da ake kira Medusa, a Kansas City ta Amurka, wadda aka samu mita 7.67 a 2011. Gaba goma kuwa ya haura mita 17. Ko Titanoboa, ƙaton macijin da aka tono ƙasusuwansa a mahaƙar kwal ta Cerrejón a Kolombiya aka bayyana a 2009, wanda ya rayu shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, ƙiyasin tsawonsa wajen mita 13 ne. Ka gaishe da dattijo.

Yanzu ga yadda abin yake farawa. Wasu macizan ƙwai suke yi, kamar mesa da gamsheƙa da kububuwar ƙasarmu, wasu kuma haihuwa suke yi, kamar kasa. Ƙwan maciji ba shi da tauri irin na kaza, laushi gare shi kamar jemammiyar fata, kuma ɗan yana da wani ɗan haƙori a kan hanci da yake tsaga shi da shi, bayan 'yan kwanaki haƙorin ya faɗi. Yakan fito da sauran gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa har ya yi saɓar farko, galibi cikin mako ɗaya ko biyu, sannan ya fara farauta. Ɗan mesa yana fitowa da tsawon rabin mita ko fiye kaɗan. Ɗan kasa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, amma suna da yawa, 20 zuwa 50 a haihuwa ɗaya, kuma an taɓa samun wata kasa 'yar asalin Kenya da ta haifi 156 a wani gidan namun daji a ƙasar Cek. Ɗan kububuwa kuwa kamar tsawon yatsanka na tsakiya da ɗan ƙari.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: maciji ba ya ƙara gaɓoɓi in yana girma. Mutum gaɓoɓin ƙashin bayansa 33 ne, maciji kuwa daga wajen 200 har sama da 400, gwargwadon irinsa, kuma tun yana cikin ƙwai aka gama ƙidaya masa su. Adadin da ya fito da shi, da shi zai mutu. Kowace gaɓa ce ke ƙara tsawo da kauri, da haƙarƙarin da ke jikinta. Haka ɓawon cikinsa, wanda ake iya ƙirgawa a jikin saɓa, lissafinsa ɗaya ne daga yarinta har tsufa. A nan ne gado ya fara shigowa, domin nau'o'in da ke yin tsawo galibi sun fi yawan gaɓoɓi tun asali.

Gadon nan shi ne rufin ɗaki, ba a wuce shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma kububuwa ba za ta haifi abin da zai zama mesa ba. Ko da ɓeraye ka cika mata ɗaki, kububuwa tsakanin santimita 30 zuwa 50 take tsayawa, wadda ta kai 65 ta zama abin nunawa. Kasa wajen mita ɗaya ce, ita kauri take yi ba tsawo ba. Gamsheƙa mai tofi takan kai mita 1.2 zuwa 2 da 'yan kai. Mesarmu ta Afirka yawancin manyanta mita 3 zuwa 4 ne, mai mita 5 ba kullum ake ganinta ba. A can ƙarshen layi akwai wani siririn maciji na tsibirin Barbados da aka bayyana a 2008, babbansa santimita 10 ne, kaurinsa kamar taliya, ƙwai ɗaya tak uwar ke yi, ɗan kuma ya fito da rabin tsawonta. Ba zan wuce nan ba sai na ce maka wani abu, tunda manomi ne kai: kada girma ya zama ma'auninka na haɗari. Je ka asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ka tambaya wa ya kwantar da mafi yawan mutanen da ke kan gado, za a ce maka kububuwa ce, wannan 'yar guntuwar da ba ta kai kamu ɗaya da rabi ba. Kuma ɗan maciji mai dafi da dafinsa yake fitowa. Maganar da ake yi cewa ɗan ya fi uwar haɗari ba ta da tushe, babba ya fi yawan dafi nesa ba kusa ba, amma na ƙaramin ma ya isa ya kai mutum asibiti.

A ƙarƙashin wannan rufi kuwa, abin da ya fi komai yanke hukunci shi ne abinci, kuma a nan nake so in daɗe.

Maciji ba ya tauna, ba ya yaga, haɗiya yake yi ɗungurungum. Don haka faɗin bakinsa shi ne iyakar arzikinsa. Ba gocewa muƙamuƙinsa ke yi ba kamar yadda ake faɗa. Ƙasusuwan haɓarsa biyu ne ba a manne suke a gaba ba, wata jijiya mai miƙewa ce ta haɗa su, sai ya riƙa tura ɓangare ɗaya ya kafa haƙora, ya turo ɗayan, kamar mai jan buhu shi kaɗai. Ɗan mesa da ƙananan ɓeraye da 'yan tsuntsaye yake farawa. Ya ƙara girma bakin ya buɗe, sai gafiya da kaji da zabi, daga nan zomo da gyazbi, har a kai ga gada da ɗan akuya. Kowane mataki yana buɗe masa na gaba. Wanda ya yi saurin hawa ya tsere wa shaho da tunku da guza da sauran macizai masu cin 'yan uwansu, ya kuma shiga kasuwar manyan nama inda masu takara ba su da yawa. Wanda ya makara kuwa yana nan yana fafutukar ƙananan abubuwa, ga maƙiya ta ko'ina. Mafi yawan 'ya'yan maciji ba sa ganin damina ta biyu.

Dalilin da ya sa abinci ke zama jiki da sauri a wurin maciji shi ne ba ya kashe shi wajen ɗumama kansa. Ni da kai da akuyarka, mafi yawan abin da muke ci yana ƙonewa ne don jini ya zauna da ɗumi dare da rana. Maciji rana ce ke yi masa wannan aikin kyauta, sai abin da ya ci ya tafi ga tsoka da ƙashi da kitse. Cikinsa ma ba ya barinsa a kunne banza. Wasu masana biyu, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi nazarin mesar Bama, wato ƙasar Myanmar ta Asiya, suka nuna cewa in ba abinci hanjinta a tsuke yake kamar an kashe inji, da ta haɗiyi abu kuwa cikin kwana biyu zuwa uku hanjin ya ninka nauyinsa, ruwan tumbi ya yi tsamin da ke narkar da ƙashi, iskar da jikinta ke sha ta ninka har wajen sau 40 in abincin babba ne. An gama narkewa, komai ya koma ya kwanta. Da irin wannan tsari mesar Bama da ta samu ci ba yankewa takan tashi daga rabin mita ta haura mita biyu a shekararta ta farko. Baƙar mamba, wata doguwar macijiya mai dafi ta gabashi da kudancin Afirka, ita ma takan yi kusan haka.

In babu kuma, haƙuri gare shi da ba a ba kowa ba. Wani masani mai suna Marshall McCue ya hana wasu macizai abinci kusan wata shida, ya tarar sun rage ƙona ƙarfin jikinsu har da wajen kashi 70 cikin 100, suna cin kitsensu a hankali, abin mamaki kuma wasu ɗan ƙarin tsawo suka yi duk da ramar. Wannan ya nuna maka muhimmancin tsawo a wurin maciji, ko yunwa ba ta sa ya sake shi gaba ɗaya. Amma dai tafiyar hawainiya ce, ba a haɗa ta da ta mai ƙoshi.

Binciken da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi ne a Fogg Dam, wata fadama kusa da birnin Darwin a arewacin Ostareliya. Thomas Madsen da Richard Shine sun shafe shekaru suna kama mesar ruwa ta wurin, su sa mata alama su sake ta, su sake kamawa su auna. Abincin mesar nan wani ɓeran fadama ne, yawan ɓeran kuma ya danganta da yadda damina ta kasance, wata shekara ya cika ko'ina, wata shekara a neme shi a rasa. A abin da suka wallafa a 2000, macizan da aka ƙyanƙyashe a shekarar yalwa sun yi saurin girma, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne sun ci gaba da fin sauran saurin girma shekaru bayan haka, waɗanda suka fito a shekarar fari kuwa ko da ɓera ya dawo ba su cim musu ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ka ga ke nan macizai biyu masu tsawo ɗaya a fadama ɗaya, wani yana iya girmar wani da shekaru, bambancinsu daminar da kowanne ya buɗe ido a cikinta.

Tsibirai sun ƙara fito da abin fili. A kudancin Ostareliya akwai wani maciji mai dafi mai ratsi-ratsi a jiki. A tsibirin Chappell, kusa da Tasmaniya, ƙattai ne, wasu na kusantar mita biyu, domin wasu tsuntsayen teku na ƙyanƙyasa a ramuka a wurin, 'ya'yansu kitse zalla. 'Yan makonni kaɗan macizan ke samu su cika ciki kafin 'yan tsuntsayen su fi ƙarfin bakinsu, sauran shekara kusan azumi ne, don haka mai babban baki shi ke rayuwa. A tsibirin Roxby kuwa, inda ba abin ci sai ƙananan ƙadangaru, irin wannan macijin dai bai kai mita ɗaya ba. Wani ɓangare na wannan bambanci ya riga ya shiga jini saboda daɗewa, wani kuma a rayuwar maciji ɗaya yake faruwa: wani masani, Fabien Aubret, ya nuna cewa 'ya'yan macizan tsibiri da aka ciyar da manyan ɓeraye muƙamuƙinsu ya fi na 'yan uwansu da aka ba ƙanana tsawo. Kan ma yana bin abincin.

Sai ɗumi. Tunda jikin maciji da zafin waje yake aiki, narkar da abinci ma sai da shi. Macijin da ya ci ya kasa samun wurin ɗumi, abincin ruɓewa yake yi a cikinsa kafin ya narke, dole ya amayar. Shi ya sa za ka ga wanda ya ƙoshi ya fito ya shanya kumburin cikinsa a rana da hantsi, ko ya kwanta a kan kwalta da magariba. A ƙasarmu lokacin girma shi ne damina zuwa kaka, ga ɗumi, ga kwaɗi, ga ɓeraye sun biyo hatsi. Hunturu ya shigo sai su lafe a suri da ramukan gafiya da ƙarƙashin duwatsu, ci ya ragu, girma ya tsaya cik ko kusa da haka. Tsananin zafin bazara ma ba alheri ba ne a wurinsu, ɓuya suke yi sai dare. A ƙasashen sanyi abin ya fi tsanani. Akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya da ke duwatsun arewacin jihar New York, fiye da rabin shekara yana kwance a kogo, macen ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara 9 zuwa 10. Mesarmu a shekara 3 zuwa 5 ta balaga, ga ta ta ninka shi tsawo. Ba banza ba duk manyan macizan duniya a ƙasashen zafi suke. Af, ƙararrawar nan ma ana cewa kowace gaɓa shekara ɗaya ce, alhali kowace saɓa ce ke ƙara gaɓa, ƙaramin maciji kuma yakan yi saɓa sau da yawa a shekara, babba sau biyu zuwa huɗu, tsofaffin gaɓoɓin kuma suna karyewa.

Balaga ita ce inda hanyar ke lanƙwasa, kuma a nan mace da namiji ke rabuwa. A yawancin macizai mace ta fi girma, dalili kuwa a fili yake: dogon ciki ya fi ɗaukar ƙwai. Ƙaramar mesa takan yi wajen 20, babba ta yi 50 ko fiye. Wata mesar Bama da aka kama a jihar Florida ta Amurka aka sanar a 2022, nauyinta kilo 98, an samu ƙwai 122 a cikinta. A wurin anakonda, wata ƙatuwar macijiyar ruwa ta Kudancin Amurka, bambancin har ya yi yawa, mace takan ninka namiji nauyi sau da dama. Babbar da wani masani, Jesús Rivas, ya auna a fadamun Benezuwela, cikin ɗaruruwan da ya kama, mita 5.21 ce da kilo 97.5. Amma haihuwa tana da tsada. Mesa takan naɗe ƙwanta wata biyu zuwa uku ba ci. Wani masani, Graham Alexander, ya bi mesar kudancin Afirka, 'yar uwar tamu ta kusa, ya ga uwar tana rikiɗa ta yi baƙi don ta kwashi zafin rana ta kai wa ƙwai, ta zauna da 'ya'yan wajen mako biyu bayan ƙyanƙyasa, ta rasa har kashi 40 cikin 100 na nauyinta, sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta sake. Abin da da zai tafi ga tsawo, ga inda ya tafi. Inda namiji ya fi girma kuwa, galibi nau'in da mazan ke kokawa ne kan mace, kamar kasa da sarkin gamsheƙa na Asiya. In ka ga macizai biyu sun murɗe juna kamar igiya, kawuna a sama kowa na neman danne ɗan uwansa, mutane kan ce barbara suke yi. Sau da yawa maza biyu ne ke kokawa, ba sa saran juna, mai nauyi ke kayarwa.

Batun shekara ɗari kuma, ba a taɓa tabbatar da macijin da ya kai haka ba. Masu tsawon rai su ne mesa da danginta, shekara 20 zuwa 30 a tsare. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake fitarwa da yawa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, ita ke riƙe da kambu: wata ta haura shekara 47 a gidan namun daji na Philadelphia a Amurka, wata kuma a na St. Louis an ƙiyasta mata 62 lokacin da ta yi ƙwai a 2020. Lura da wannan da kyau, macijin da ya fi kowa daɗewa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. A daji kuwa ga gobara, ga fari, ga ƙwayoyin cuta da kaska, ga mai fartanya, kaɗan ne ke tsufa. Abin da nake zato game da kurmin garinku shi ne rami ne mai kyau kusa da ruwa, wata ta mutu wata ta gaje shi, mutane suna ganin mesa ɗaya ce tun zamanin kakanni. Kuma inda ake kashe duk babbar da aka gani don fata ko nama ko tsoro, manyan ƙarewa suke yi, tunda kafin a samu mai mita huɗu sai an bar ta ta yi shekaru masu yawa.

Mu kanmu masu wannan aiki hanya biyu muke bi mu san shekarun macijin daji. Ko dai mu kama shi yana ƙarami mu sa masa alama, yanzu da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake tura wa ƙarƙashin fata, mu yi ta bibiya. Ko kuma in ya mutu a yanka ƙashinsa siriri a duba a madubin ƙara girma, a ƙirga zoben da tsayawar girma ta kowace shekara ta bari, kamar na kututturen itace. Shi ma a tsoho zoben cunkushewa suke yi. Masu cewa in ka sa maciji a ƙaramin akwati zai tsaya daidai akwatin kuwa, ba haka ba ne. Wanda ya tsumbure a akwatin gardi yunwa da sanyi da ciwo ne suka tsumburar da shi.

Mu koma gindin rumbunka. Shimfiɗa saɓar a ƙasa ka duba ta da kyau, ba ta da dafi. Tsawon kaɗai ya nuna ba kububuwa ba ce. In ɓawon bayan yana da ɗan tudu a tsakiyar kowane ɗaya, yana da kaushi, saɓar kuma faffaɗa ce, to kasa ce, amma da wuya kasa ta ba da kamu huɗu. In santsi ne, ƙirga layukan ɓawon daga gefen ciki ka zagaya bayan zuwa ɗaya gefen, a tsakiyar jiki. Ka samu ƙanana birjik sama da 70, ɓawon cikin kuma siriri ne bai cika faɗin cikin ba, 'yar mesa ce da ba ta daɗe a duniya ba, kajinka ne abin ji. Ka samu manya wajen 20, ɓawon cikin ya ratsa daga gefe zuwa gefe, to ka ɗauka gamsheƙa ce babba har sai an tabbatar da akasin haka. Ko wace ce, ɓeran rumbu ne ya kawo ta, kuma shi ke ciyar da ita. Share ciyawa da tarin kara da duwatsun da ke kewaye, toshe ramuka, ka daina zura hannu ƙarƙashin rumbu ba ka gani, yara su riƙa fita da tocila da takalmi da dare. In ta yi tofi ya shiga idon wani, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa nan take, kada a murza, sannan a wuce asibiti.